Gwamnati da addini a Ghana: tambayoyin da 'yan zango ke yawan yi

Duk sanda zaɓe ya ƙarato, ko azumi ya kama aka ji wata makarantar kwana ta hana yara sahur, maganar nan sai ta taso a wuraren shan ataya daga Aboabo har Asawase har Alabar, kowa da tasa fatawar. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da irin amsar da nake bayarwa in an tambaye ni.

Wai Ghana ƙasar Kirista ce?

A yawan mutane, eh, su ne gaba. Ƙidayar 2021 ta ce Kiristoci kashi 71.3 cikin ɗari ne, Musulmi kashi 19.9, masu addinin gargajiya wajen kashi 3. Na san da yawa a cikinmu basu yarda da lissafin nan ba, kullum cewa ake an rage mu, toh wannan wata rigimar ce daban. Amma a doka Ghana bata da addinin ƙasa. Kundin tsarin mulkin 1992 ya buɗe da sunan Allah Maɗaukaki, bai ce Allah na coci ko na masallaci ba. Sashe na 21 ya ba kowa 'yancin bin addinin da yake so kuma ya bayyana shi a fili, sashe na 17 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda addininsa, sashe na 56 kuma ya hana majalisa kafa wata hukuma da zata ɗora wa 'yan ƙasa manufar addini guda. Saboda haka in wani ya ce maka a cikin trotro wai nan ƙasar Kirista ce ka yi haƙuri, yawansu yake faɗa maka, dokar kam ba haka ta ce ba.

To in gwamnati bata da addini, me ya kawo addu'a a taron ƙasa da rantsuwa da Baibul da Alƙur'ani?

Ai rashin ɗaukar ɓangare iri-iri ne. Faransa tun 1905 ta raba gwamnati da coci, kuma a 2004 ta hana hijabi da manyan alamomin addini a makarantun gwamnati, wato nasu salon shi ne kowa ya ajiye addininsa a bakin ƙofa. Namu ba haka bane, namu kowa ya shigo da nasa. Shi yasa a faretin 6 ga Maris zaka ji addu'ar Kirista, ka ji ta Musulmi, ka ga masu gargajiya sun zuba nasu a ƙasa. Wajen rantsuwa ma mutum na da zaɓi, ya rantse da littafinsa ko kuma ya yi alƙawari kawai ba tare da rantsuwa ba. Hutun ƙaramar sallah da babbar sallah zamanin Rawlings aka sa su, tsakiyar shekarun 1990, kafin nan ma'aikaci roƙo yake a bar shi yaje idi. A 2025 kuma aka ƙara kwana ɗaya bayan ƙaramar sallah.

Ni dai salon namu ya fi mun, don da irin na Faransa muke da shi da hijabin ƙannenmu ne zai fara tafiya. Sai dai yana da nasa ciwon kai: tunda gwamnati na shiga harkar kowa, dole kullum a sa ido a ga ko da mudu ɗaya take aunawa.

Me zai hana mu kafa jam'iyyar Musulmi mu huta?

Doka ce ta hana, kuma an taɓa gwadawa, a nan Kumasi ma abin ya fi zafi. Sashe na 55 ya ce kowace jam'iyya sai ta zama ta ƙasa baki ɗaya, ba'a gina ta akan ƙabila ko addini ko yanki. Hukumar zaɓe ba zata ma yi maka rajista ba.

Tarihin kuwa, yaran yanzu da yawa basu san shi ba. A 1954 aka kafa jam'iyyar Muslim Association Party (MAP), ƙarfinta na zangunan Akra da Kumasi, ta shiga zaɓen 1954 da na 1956, kowanne kujera ɗaya tal ta samu a majalisa. Ta haɗa kai da jam'iyyar NLM ta Asante suna adawa da CPP ɗin Nkrumah, zango ya rabu gida biyu, wasu na wannan wasu na wancan. Da aka samu 'yanci a 1957 ba'a ɗau lokaci ba gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, wanda ke riƙe da sarautar zangon Kumasi, da Alhaji Usman Ladan zuwa Najeriya. Sun kai ƙara kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunansu a jiki don a fitar da su shari'ar bata ƙare ba. A ƙarshen shekarar aka kawo dokar da ta haramta jam'iyyun addini da na yanki, MAP ta narke cikin United Party, shikenan.

Wasu suna ba da labarin nan don su nuna an zalunce mu, kuma korar nan zalunci ce, ba wani kwana-kwana. Amma ka zauna ka yi lissafi da kanka. Ranar da aka halatta jam'iyyar Musulmi, ranar aka halatta jam'iyyar Kirista, kai kana da ɗaya cikin biyar su suna da bakwai cikin goma, wa zai ci zaɓe har abada? Dokar nan da muke ganin ta ɗaure mu, mu ta fi karewa. Yanzu NDC da NPP dole kowacce ta zo zango ta durƙusa ta gaida malamai saboda zaɓen Ghana sau da yawa da ɗan ƙaramin rata ake cinsa, in muka kwashe ƙuri'unmu muka zuba a jam'iyyarmu ta kanmu ba wanda zai sake buƙatar mu.

Ya kamata Musulmi ya bar ɗan'uwansa Musulmi ya zaɓi Kirista?

Ɓangaren fiƙihu na malamai ne, kuma su kansu a 2024 basu haɗu a baki ɗaya ba. Abin da zan iya faɗa shi ne abin da mutane suka yi da yatsansu. Bawumia na NPP shi ne Musulmi na farko da babbar jam'iyya ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Kafin shi Aliu Mahama yayi mataimaki daga 2001 zuwa 2009 ƙarƙashin Kufuor, shi Bawumia yayi daga 2017. Da aka ƙirga ƙuri'un 2024, John Mahama na NDC, ɗan cocin Assemblies of God, ya samu wajen kashi 56, Bawumia bai kai 42 ba. Yanzu kalli inda ƙuri'un suka fito. Yankin Asante, inda coci ke kowane lungu, Bawumia suka ba. Yankin Arewa mai hedikwata a Tamale, inda Musulmi suka fi yawa, Mahama suka ba. Mu nan Asawase ma Mahama aka yi, aka kuma mai da Muntaka majalisa, alhali Bawumia ne ya ɗau nauyin gyaran babban masallacin Kumasi da aka buɗe a 2023, mutane sun yi sallah a ciki sun gode sun yi masa addu'a sannan suka je suka dangwala wa wanda suke so.

Wata hajiya mai sai da waake a layinmu, da wani saurayi ya matsa mata da cewa Hajiya ki ji tsoron Allah, ɗan'uwanki ne fa, sai ta ce masa ɗana, buhun shinkafa nawa na saya bara, nawa na saya bana? Bai da amsa, ya karɓi waakensa ya tafi.

A Senegal ma, ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, Senghor ɗan Katolika yayi mulki daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan manyan shehunan ɗariƙu.

Amma ai saboda addininsa aka kayar da Bawumia, ko ba haka ba?

Akwai waɗanda suka ƙi shi don haka, an ji wasu fastoci suna faɗa a bainar jama'a, ba abin ɓoyewa bane. Amma in ka ce shi ne dalilin faɗuwar ka manta da abin da aka sha. Hauhawar farashi ta haura kashi 54 a ƙarshen 2022, sidi ya zube, aka sa harajin E-Levy akan kuɗin waya, aka taɓa kuɗin masu ajiya har da 'yan fansho, aka koma wajen IMF neman dala biliyan 3. Shi kuma shi ne aka sani da shugabancin tawagar tattalin arziki. Ko limamin coci aka tsayar a wannan yanayin da wuya ya sha. 'Yan majalisar NPP Kiristoci nawa ne suka rasa kujerunsu a ranar? Su kuma wane addini ya kayar da su?

Me ya faru da babban cocin ƙasa, kuma me yasa ake ta surutu a kai?

A Maris 2017, lokacin bikin cika shekara 60 da 'yanci, Akufo-Addo ya sanar da cewa za'a gina katafaren cocin ƙasa a Akra, daga baya ya faɗa da bakinsa cewa alƙawari ne yayi wa Allah in ya ci zaɓe. Aka ba David Adjaye zane, aka rushe gidajen alƙalai a unguwar Ridge da wasu gine-ginen gwamnati don a samu fili. Da farko cewa aka yi coci-coci da masu ba da gudummawa ne zasu biya, gwamnati fili kawai zata bayar da ɗan abin farawa. Ƙarshenta wajen dala miliyan 58 na kuɗin ƙasa suka shiga, abin da ke wurin kuma rami ne da ruwan sama ke taruwa a ciki. Manyan fastoci irin su Duncan-Williams da Eastwood Anaba suka ajiye muƙaminsu a kwamitin amintattu a 2023 saboda sun nemi a binciki kuɗin ba'a yi ba.

Abin lura, waɗanda suka fi yaƙar aikin nan Kiristoci ne, ba mu ba. Limamin ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ma gudummawar sidi 50,000 ya bayar a 2021, wasunmu suka ji haushi wasu suka ce dattako ne. Ni matsalata ba cocin bace. Mutum yayi bakance tsakaninsa da Ubangijinsa, toh ya cika da aljihunsa da na masoyansa, ba da harajin mai sai da koko ba. Masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, gwamnati fili ta bayar, ginin kuwa Turkawa ne suka biya. Da haka aka yi wa cocin da ba wanda zai ce uffan.

Kotu bata hana ba?

Bata hana ba. Wani ɗan siyasar CPP, James Kwabena Bomfeh, ya kai ƙara Kotun Ƙoli, kuma abu biyu ya haɗa a ƙarar: cocin ƙasa da hannun gwamnati a aikin hajji. A Janairun 2019 kotun ta yi watsi da ƙarar, ta ce tsarin mulki bai hana gwamnati tallafa wa addinai ba matuƙar bata fifita wani ta danne wani ba. Wato hukuncin da ya bar cocin ya ci gaba shi ne dai ya bar hukumar alhazai.

To shi hajjin fa, ai ba ɗaya bane da coci?

Nan ne mutanenmu ke fara kame-kame. Akwai abin da dole sai gwamnati: Saudiyya da ƙasa take yarjejeniya, ita ke ba Ghana adadin kujeru, wajen dubu shida, sai biza da jirgi da masauki da likitoci. Wannan hidima ce ga 'yan ƙasa kamar fasfo, ba laifi. Jirgin alhazai da ya fara tashi daga Tamale a 2016 ya sauƙaƙa wa tsofaffin arewa wahalar kwana a sansanin alhazai na Akra, kowa ya yaba. Rage kuɗin kujera daga sidi 75,000 a 2024 zuwa 62,000 a 2025 shi ma an ji daɗinsa.

Amma akwai ɗaya ɓangaren da kowa ya sani ba'a son faɗa, kujerun alfarma. Duk shekara sai ka ji wane ya tafi, ba don ya tara ba, don dai shi ne mai shirya taron jam'iyya a unguwa, wani ma zuwansa na uku kenan, tsohuwar da ta shekara goma tana zubin adashi tana nan tana jiran biza. Kowace jam'iyya ta hau haka take yi. In kuɗin daga baitulmali ya fito, da wane baki zamu zagi ramin Ridge? Allah ma wanda ya samu iko ya ɗora wa hajji. Kuma wanda aka kai Makka kyauta, ranar da aka ƙi gyara kwatar unguwarsa bakinsa a rufe yake, ai ba kyauta bace, an saye shi ne da arha.

Makarantun mishan suna da ikon hana yaranmu azumi da sallah?

Wannan ita ce tambayar da ta fi taɓa gidajenmu, don zancen coci da hajji na manya ne, wannan kuwa 'yarka ce 'yar shekara sha biyar a Cape Coast ita kaɗai. A azumin 2021 aka samu labarin makarantar kwana ta Wesley Girls da ke can ta hana ɗaliba Musulma azumi. Hukumar ilimi ta ƙasa ta ba da umarni a bar yara su yi, cocin Methodist ta fito ta ce bata yarda da umarnin ba, makarantarta ce, da ƙa'idarta. Majalisar zaman lafiya ta ƙasa ta shiga tsakani, a 2024 aka cimma wata yarjejeniya da masu makarantun mishan, duk da haka a ƙarshen shekarar wani lauya ya kai maganar Kotun Ƙoli.

Hujjar coci ba ta banza bace, a faɗi gaskiya. Su suka gina makarantun nan tun kafin a san za'a yi wata ƙasa Ghana, Wesley Girls tun 1836 take, kuma tarbiyyar da ta sa kowa ke rububin kai 'yarsa can daga addininsu ta fito. Suna cewa ka san gidan da ka kawo 'yarka. Amsarmu ita ce, wa ke biyan malaman? Gwamnati. Wa ke ciyar da yaran tun da aka fara sakandare kyauta a 2017? Gwamnati. Wa ke tura yaro makarantar? Kwamfutar gwamnati. In kana cin kuɗin kowa, toh ɗan kowa na da haƙƙi a wajenka. Ba cewa muke a gina masallaci a tsakiyar makarantar ko a daina taron safe ba, a bar yarinya tayi sallarta a wani ɗaki, ta tashi sahur, kar a tilasta mata abin da ya saɓa wa imaninta.

Sai dai fa mu shirya, abin da muka nema zai dawo kanmu. Akwai sashen ilimin Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi tun 1987, gwamnati ke biyan malamansa, ga T.I. Ahmadiyya nan Kumasi tun 1950, ga sakandaren Islamiyya. Yarinya Kirista da kwamfuta ta jefo ta makarantarmu, za mu tilasta mata ɗankwali? Za mu bar ta taje coci ran Lahadi? In amsar ita ce ai makarantarmu ce da ƙa'idarmu, toh maganar Methodist kenan muka maimaita.

Kuma lokacin da makarantar Achimota ta ƙi karɓar yara 'yan Rasta saboda gashinsu a 2021, har babbar kotu ta ce a karɓe su, mu nawa ne muka tsaya musu? Da yawa dariya muka yi. Alhali sashe na 21 ɗin da ya ba su nasara shi ne dai wanda muke riƙewa akan hijabi.

Hijabi a wurin aiki fa?

A 2015 Musulmi sun yi zanga-zanga a yankin Yamma akan haka, gwamnati ta fitar da sanarwa tana gargaɗin shugabannin makarantu da wuraren aiki su daina tilasta cire hijabi. Sanarwa kam akwai. Amma har yau 'yar bautar ƙasa zata je wurin aiki wata madam ta kalle ta sama da ƙasa ta ce nan ba'a sa wannan, yarinya kuma don tsoron rasa gurbi sai ta cire ta cusa a jaka, in ta fito bakin titi ta mayar. Yawanci ba'a rubuce dokar take ba, ra'ayin mutum ɗaya ne, kuma in aka ce ya rubuta ya sa hannu sai ka ga ya fara ja da baya.

Ya dace limami ya nuna ɗan takara akan mumbari?

Doka bata hana shi ba. Sarakuna ta hana, sashe na 276 ya ce sarki ba ya shiga siyasar jam'iyya tsundum, in yana so sai ya sauka daga karaga. Limami da fasto 'yan ƙasa ne kamar kowa. Amma halal a doka daban, dacewa daban. Sahun juma'a akwai mai lema ɗan NDC akwai mai giwa ɗan NPP, kafaɗa da kafaɗa, ranar da liman ya ɗau ɓangare rabin masallaci sun daina jin huɗubarsa ko da akan wankan janaba yake magana.

Kowa ya san yadda abin ke zuwa. Goman ƙarshe na azumin shekarar zaɓe sai ga motar a-kori-kura a ƙofar masallaci, buhunan shinkafa da sukari da katan ɗin madara, hoton mai girma a manne a jikin kowane buhu, shi kuma ya fito da sabuwar kaftani da hular da bata zauna masa ba, ya ce salamu alaikum da ƙyar, a miƙa wa Malam ambulan. Ni ban ce a mai da shinkafa ba, marayu na buƙata. A karɓa, a yi masa addu'ar Allah Ya shirye shi, gobe in abokin hamayyarsa ya zo shi ma a shimfiɗa masa tabarmar. Abin da ya sa Shehu Sharubutu ya samu girman da ya samu tun 1993 kenan, kowa na zuwa gidansa a Fadama, kuma da ya cika shekara 100 a 2019 cocin Christ the King ya shiga ranar Ista ya zauna, duniya ta ɗauka. Da an san shi da jam'iyya da ba wanda zai saurare shi ranar da rikici ya tashi.

Asusun raya zango ba fifita Musulmi bane?

A'a. Dokar 2017 da ta kafa shi unguwanni ta nufa, kuma zango ba Musulmi kaɗai ke ciki ba, akwai Frafra da Dagarti da Kusasi Kiristoci da muke haya gida ɗaya muna layin famfo ɗaya. Kwata da makaranta da fitilar titi basu da addini. Tambayar da ta fi amfani ita ce nawa aka saka a asusun, me aka yi da shi banda filayen ƙwallo, kuma me yasa ma'aikatar zangon da aka kafa a 2017 bata wuce 2021 ba.

Sarakunan gargajiya su hana kiɗa da lasifika, gwamnati kuma ta goya musu baya, wannan fa?

A Akra kowace shekara kafin bikin Homowo majalisar sarakunan Ga na hana kiɗa da hayaniya na wajen wata ɗaya, kuma a ƙarshen shekarun 1990 an sha dambe da wasu coci-coci akan haka, har da fasa kayan kiɗa. Yanzu an saba, ana rage sauti a cikin gini. Tsarin mulki ya amince da sarauta da al'ada, kuma mu da muke zaune a ƙasar Otumfuo sarkin Asante mun san in aka yi babban rashi a fadarsa ta Manhyia aka ce a rufe kasuwa, rufewa ake, Alhaji da Kwaku duka. Girmama mai masauki ne, kakanninmu da haka suka zauna lafiya da Tonawa. Inda za'a ja layi shi ne in aka ce kar ka yi sallar kanta.

Hayaniya kuma, a 2018 ministan muhalli Frimpong-Boateng ya ba da shawarar wai a riƙa kiran sallah ta saƙon waya ko WhatsApp, aka yi masa caa. Kiran sallah minti uku ne. Amma mu ma a faɗa mana gaskiya, wa'azin lasifika har ɗayan dare da cocin da ke kwana tana kiɗa duk abu ɗaya ne a kunnen mara lafiya, in za'a yi dokar sauti a yi ta kan kowa.

Gwamnati na iya hana wani malami ko fasto wa'azi?

An taɓa yi zamanin soja. A 1989 gwamnatin PNDC ta kawo doka ta 221 wadda ta ce kowace ƙungiyar addini sai tayi rajista, ta kuma dakatar da Shaidun Jehobah da 'yan Mormon, sai ƙarshen 1990 aka saki 'yan Mormon, Shaidun Jehobah kuma daga baya. Manyan coci-coci suka ƙi yin rajistar, tsarin mulkin 1992 ya zo ya kashe maganar. Yanzu abin da ake iya kama mutum da shi laifi ne na kowa da kowa, damfara, tunzura jama'a, yaɗa ƙaryar da zata tada hankali. Da wannan ne 'yan sanda suka gargaɗi masu annabcin daren 31 ga Disamba a 2021, masu cewa wane zai mutu bana. Bayan hatsarin jirgin sojan 6 ga Agusta 2025 da ya ci mutum takwas har da ministoci biyu, Omane Boamah da Murtala Muhammed, ofishin shugaban ƙasa ya ce masu wahayi akan manyan ƙasa su riƙa kawowa a duba kafin su faɗa. Wannan kam ban ga kansa ba, wane ma'aikaci ne zai zauna a ofis ya tantance mafarki? Duk wanda ke murna a ba gwamnati ikon rufe bakin faston da ya tsana, ya tuna ikon nan ba'a kan fasto kaɗai zai tsaya ba.

In an nuna mun bambanci saboda addini, ina zan kai kuka?

Kafin ka hau Facebook, fara da takarda. Ka nemi wanda ya hana ka ya rubuta dalilinsa, in ya ƙi kai ka rubuta masa wasiƙa ka riƙe kwafi, da kwanan wata da sunan waɗanda suka gani. In makaranta ce ka je ofishin ilimi na gunduma, in ba'a yi komai ba ka wuce na yanki. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, tana da ofisoshi a yankuna da gundumomi, kai ƙara wajenta kyauta ne ba sai da lauya ba. Majalisar zaman lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2011 ta kafa, akwai wakilan Ahlussunna da Tijjaniyya da Ahmadiyya a cikinta tare da na coci-coci da masu gargajiya, tana da reshe a nan Asante, ita ta fi dacewa in abin sulhu yake so. In duk ya ƙi, sashe na 33 ya ba ka damar zuwa babbar kotu kai tsaye akan tauye haƙƙi, hanyar da iyayen yaran Achimota suka bi kenan. Ka sanar da limamin unguwa da sarkin zango su san halin da ake ciki, amma kar ka bar maganar a hannunsu kaɗai, kuma in yarinya ce ƙarama kar a sa hotonta da sunanta a intanet, ita zata koma ajin ta zauna da malaman nan har ta gama.